Firizar gidanmu ta cika da ƙanƙara, kowa ya ce ba ruwansa

Ummin_Samaru:
Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min da shawara. Mu shida ne a gidan haya nan Samaru, duk 'yan ABU, bara muka yi karo-karo muka sayo firiza ta hannu a Sabon Gari, irin mai buɗewa ta sama ɗin nan. To yanzu ƙanƙara ta cinye cikinta har murfin ba ya rufuwa da kyau, ga wani wari in ka buɗe kamar kifi ya kwana a rana, kuma akwai wata baƙar leda can ƙasa tun kafin hutun semesta, an tambaya an tambaya babu wadda ta ce nata ne. Jiya na shigo na tarar da ɗaya daga cikinmu tana sassaƙar ƙanƙarar da wuƙa wai za ta saka zobonta na sayarwa, na ce ta bari ta ce ai a gidansu haka suke yi. Ni dai gabana faɗuwa yake, kuɗin da na zuba ba kaɗan ba ne. Ya ake yi ne?

Injiniya_Palladan:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata ki fara ɓoye wuƙar nan tukuna. Bututun gas yana kwance ne a bayan wannan farin bangon na ciki, kuma siriri ne ƙwarai, tsinin wuƙa sau ɗaya ya isa, sai dai ki ji tsss shi kenan sanyi ya tafi. Yawancin firizojin yanzu gas mai suna R600a ake zuba musu kuma yana kamawa da wuta, ki leƙa takardar da ke manne a bayanta za ki ga wanne ne naku.

Yadda ake yi, a zare soket, a kwashe kaya a zuba a kula, a bar murfi a buɗe, a sa roba da ruwan zafi a ciki, ƙanƙarar da kanta za ta riƙa zamewa falle-falle. Akwai ɗan marfi a ƙasa na fitar da ruwa, ku cire ku tara bokiti. Ku goge ta bushe kafin ku mayar. Kuma kar ku sake bari kaurin ƙanƙara ya wuce rabin santimita, tana hana sanyi kaiwa ga kaya, kwamfireso, wato injin da ke kawo sanyin, ya yi ta aiki ba hutu.

Robar bakin murfi ma ki gwada ta, ki maƙale naira ɗari ki rufe ki ja, in ta zaro ba wuya to iska na shiga, daga nan ƙanƙarar take taruwa.

Anti_Pg:
Hhhh baƙar leda marar uwa, kowane gidan ɗalibai akwai ta. Ki sa hannu a wata leda ki ɗauko ki kai bola kar ma ki buɗe, wallahi naman da ya narke ya daskare ya sake narkewa sau ba adadi ba abin ci ba ne. Mu lokacin da muke harabar ABU ta Kongo abin da ya raba mu da rigima, kowa ta sayi bokitin roba mai murfi ta rubuta sunanta da maka, duk abin da aka gani a waje ba suna ranar Asabar ya zama na kowa. Wari kuma ki wanke da ruwan ɗumi da ɗan sabulu sannan ki ajiye gawayi a kofi a lungu, yana shanyewa. Mai zobon nan fa ku duba ta, ina kyautata zaton da zafinsa take durawa ta jefa ciki, tururin nan shi ne ƙanƙarar gobe.

Hayin_Dogo01:
Ni wuta ce damuwata. In an ɗauke, firiza cikakkiya tana iya riƙe sanyi kusan awa 48 in ba a buɗe ba, rabi kuma awa 24, amma a zafin watan Afrilu na Zariya kar ki dogara da lissafin nan, balle gidan mutum shida da kowa sai ta leƙa. Ku cike gurbin da fiya wata. In an kawo wuta ku jira minti biyar kafin ku kunna, kuma ku nemi sitabilaiza, tamu wuta marar ƙarfi ce ta ƙona ta muna tsaka da jarabawa. Ku ja ta daga bango kamar taƙi ɗaya ta sha iska.

Ummin_Samaru:
Na gode sosai. Mun narkar yau da safe, bokiti biyu da rabi muka kwashe. Naira ɗarin ta zaro salin alin ta ɓangaren hagu, don haka gobe zan kira mai gyara ya duba robar. Ledar kuma da na ɗago sai ga mai zobo ta taho da gudu wai kan ragonta ne na Babbar Sallah, yanzu haka yana ɗakinta.