Muhawara: Idan farin cikin fasto ya ƙare, addu'arsa ce ta yi sanyi?

Dattijo: Salama gare ku. Ni dai ra'ayina, duk ma'aikacin Ubangiji da farin cikinsa ya ƙare, to a duba addu'arsa. Bulus yana ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa su riƙa farin ciki cikin Ubangiji kullum, har ya maimaita, a 4:4. Galatiyawa 5:22 ta lissafa farin ciki cikin albarkar Ruhu, kuma abin da Ruhu ya bayar gajiya ba ta ƙwace shi. Fasto ya zo yana kukan aiki, a fara tambayarsa ƙarfe nawa yake tashi addu'a.

Mama Zumunta: Baba Dattijo, a gafarce ni, amma a lissafa makon faston tukuna. Lahadi sujadar Turanci da ta Hausa, tsakiyar mako addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki, ga zumuntar mata da ta matasa kowa na son ya leƙo, Asabar ɗaurin aure ko jana'iza. 'Yan ikilisiya kuma ba a Sabon Garin Kano kaɗai suke ba, wasu na Badawa, wasu Brigade, wasu Dakata, a Daidaita Sahu zai bi su cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Ku buɗe 1 Sarakuna 19. Annabi Iliya ya ce ya isa, a ɗauki ransa. Mala'ika bai tuhume shi da sanyin addu'a ba, abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashe shi ya ci. Sai daga baya Allah ya yi masa magana a Horeb, ya kuma ba shi Elisha.

Mai Bishara: Mama, ba a ƙi taki ba, amma Baba na da gaskiya ta wani ɓangaren. Akwai ma'aikacin da ba ya buɗe Littafi sai don neman abin wa'azi, ya ɗora farin cikinsa kan cikar benci da nauyin baiko. Irin wannan, da Disamba ta yi, mutanen Sabon Gari suka tafi gida Kirsimeti, majalisa ta rage rabi, sai ka gan shi a yamutse. A Luka 10:20 almajirai sun dawo suna murnar aljanu sun yi musu biyayya, Yesu ya ce su yi murna don an rubuta sunayensu a sama. Maganin: minti 30 da asuba na karatun da ba ruwansa da wa'azin Lahadi, waya a kashe.

Ma'aji: A sa maganar kuɗi. Wanda kuɗin makarantar 'ya'yansa ke wuyansa, albashi ya makara mako uku, da wace fuska zai hau bagade? Abin da ke ɓata lamarin shi ne gini. Da an fara zuba kankaren rufin ginin ikilisiya, sai a riƙa cin bashin asusun albashi. A tsayar da ranar biya, a raba asusun gini da na ma'aikata, kuɗin motar ziyara a ware shi daban kada ya fito daga aljihunsa. 1 Timoti 5:18 ta ce ma'aikaci ya cancanci ladansa.

Dattijo: Manzanni albashin wata suke karɓa?

Malamin Makarantar Lahadi: A'a Baba, amma sun raba aiki. A Ayyukan Manzanni 6, da gunaguni ya tashi kan rabon abincin gwauraye, mutum 7 aka zaɓa, domin manzanni su samu sararin addu'a da hidimar Magana. Kun ga ke nan addu'ar da kuke nema wa fasto sai an sauke masa kaya take samuwa. Yetro ma, surukin Musa, ya gaya masa zai gajiyar da kansa, ya naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin, na goma. Mu ɗauka ikilisiya tana da gida 60, dattawa 6. Kowa ya riƙe gida 10, ya zaga uku a mako, kafin wata ya ƙare an gama. Ziyara kada ta wuce minti 30, kuma bayan an tashi kasuwa, don mai shago da rana ba ya gida. Fasto a bar masa rasuwa, ciwo mai tsanani da rikicin aure. Inda tsarin ke rushewa shi ne mutane su ce ai ba a ziyarce su ba tunda ba fasto ne ya zo ba. Don haka shi da bakinsa zai sanar a sujada, ya kuma raka kowane dattijo zagayen farko.

Ma'aikaciyar Jinya: Baba, wani abin ma ba na ruhaniya ba ne. Mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, barci ya gagara, abinci ba ya shiga, abin da yake so dā ya fita ransa, wannan alamar ciwon damuwa ce. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na da sashen da ke duba shi. A yi addu'a, a kuma kai shi. Ce masa bangaskiyarsa ce ta gaza ƙara masa ciwo ne.

Dattijo: 'Yata, na asibiti na ji. Rabon gidaje ma a kawo shi zaman dattawa. Amma ban janye ba. Ku ba shi hutun Litinin, ku biya shi a kan kari, in ba ya durƙuso, hutun a kallon ƙwallo zai ƙare.

Mama Zumunta: To ya kalli ƙwallon mana, Baba, da 'ya'yansa a gefe. Ni tambayata, ranar Litinin ɗin wa zai riƙe wayar ikilisiya? In ba a sa sunan dattijo guda a takardar sanarwa ba, matar fasto za a riƙa kira.