Sabuwar altaneta mai amfiya 130 ba ta caji a silo

Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Toyota Cressida a nan Jidda, wadda altanetarta (na'urar da ke cajin batir) mai amfiya 70 ta kasa ɗaukar AC da ƙarin fankar da aka sa wa lagireto, shi ya sa na sauya ta da mai amfiya 130. Idan ana tafiya mita tana nuna bolt 14.1, amma da zarar na tsaya a danja injin yana silo (yana aiki ba a taka totur ba), sai ta sauka zuwa 12.3, fitilu su dushe. An ɗaure fanbel, an sa sabon batir, an sauya wayar caji da mai kauri, duk a banza, ga shi zafin garin nan ba ya bari a kashe AC. Shin rage girman pulin altanetar (faifan da fanbel ke juyawa) zai magance wannan matsala?