Neman kalma: me za mu kira swim bladder da fish maw?

Mai fassara: Assalamu alaikum. A jadawalin kwastan na duniya akwai lamba 0305.72, ta kawunan kifi da wutsiyoyi da abin da suka kira maws, busassu ko masu gishiri ko na banda. Kai da wutsiya ba gardama. Na ukun fa? Wasu na rubuta "mafitsarar kifi", wasu "tumbin kifi".

Malamin kiwon kifi: Wa alaikumus salam. Malam, duka biyun a ajiye su. Ba fitsari a cikinta, ba abinci. Ita ce swim bladder, farar jaka ce manne da ƙashin baya daga ciki, kifi na ƙara mata iska ko ya rage don ya tsaya a zurfin da yake so ba tare da wahalar iyo ba. "Huhun kifi" ma kada a fara, domin gaiwa huhu gare ta na gaske, za a rikita ɗalibai. Ni "jakar iska" na zaɓa.

Hajiya mai banda: Salkar kifi fa? Ta fi daɗin faɗa.

Malamin kiwon kifi: Hajiya, salka ta ruwa ce, mai karatu zai zaci ruwa ke ciki.

Dillalin kaya: Jakar iska ta yi, amma a rarrabe ɗanya da busasshiya, don fish maw sunan haja ne, wato busasshiyar. Wadda ake nema a nahiyar nan ta giwan ruwa ce. Daga tafkin Victoria, Uganda da Tanzaniya da Kenya ke tura ta Hong Kong da China, inda ake miya da ita. A Mwanza ta Tanzaniya mabondo suke ce mata. Giwan ruwan nan dai shi ne namu na tafkin Chadi da Kainji. Mai tarwaɗa kada ya sa rai, tata 'yar mitsitsiya ce, a cikin ƙashi take.

Aikin a wajen fiɗa yake. Ana tsaga ciki sama-sama daga dubura zuwa wuya, a janye hanji, a ɓamɓare jakar da yatsa, ba da wuƙa ba. Huda ɗaya na sauke ta daga aji. A kankare kitse da jijiyoyin jini, a wanke da ruwan sanyi, a shanya a kan raga inda iska ke ratsawa sama da ƙasa, ana juyawa. Kitsen da aka bari shi ke yin wari ya ɓata launi, jini kuma baƙin tabo yake bari. In aka zuba a buhu da sauran danshi a tsakiya, fumfuna ce. Ta bushe in ta yi tauri, haske na ratsa ta in an ɗaga. Farashi na bin nauyi da kaurin kowace ɗaya: guda kaɗan masu cika kilo sun fi tarin ƙanana kuɗi nesa ba kusa ba.

Mai fassara: Madalla. To by-products gaba ɗaya, wato abin da ya rage bayan an cire tsokar kifi? Na ga "sharar kifi".

Dillalin kaya: Shara ba a biya mata kuɗin jirgi! Kawunan kifin cod da ake shanyawa a kan katako a tsibiran Lofoten na Norway, da waɗanda Iceland ke busarwa da zafin ƙarƙashin ƙasa, Nijeriya ce babbar kasuwarsu, ana kawo su a buhunan algarara.

Hajiya mai banda: Mahauta sun riga sun yi mana aikin. Suna da "kai da ƙafa", suna da "kayan ciki". Na kifi sai a ce "kai da wutsiya da kayan ciki".

Malamin kiwon kifi: Ya yi a kasuwa, amma bai ɗauki fata da ƙaya da ɓawo ba, kuma da su ake garin kifi na abincin kaji. A rubutu "rarar kifi" ta fi faɗi.

Mai fassara: Na rubuta: jakar iska, busasshiyar jakar iska, rarar kifi. Layin 0305.72 ya zama "kawuna, wutsiyoyi da jakunkunan iskar kifi". Na gode, Allah ya ƙara sani.