Me za mu kira "sent" na kiɗa, kuma da waɗanne haruffa?

Jama'a, musamman masu aikin sutudiyo a Sabon Gari da Samaru, ina neman shawararku. Duk wanda ya taɓa saita gita da manhajar waya ya ga allurar nan tana rawa tsakanin -50 da +50, kana murɗa tsirkiya tana matsowa har ta tsaya a tsakiya. Abin da take ƙirgawa shi ne sent, ma'aunin tazarar sauti da Alexander Ellis na Ingila ya yaɗa a 1885. Daga maɓallin fiyano zuwa na kusa da shi sent 100 ne, daga sauti zuwa ninkinsa kuma 1200. Ba yawan bugun iska yake aunawa ba, ninki yake aunawa: 220 zuwa 440 Hz (wato yawan bugun iska a sakan ɗaya) 1200 ne, 440 zuwa 880 ma 1200 ne.

Mu muka fi kowa bukatarsa. Mai goge yatsansa na sauka tsakanin maɓallan fiyano, algaitar fadar Zazzau ma ba da ma'aunin Turawa aka fafe ta ba. In ba mu da lambar rubuta inda sautin ya faɗa, yaran da ke tasowa za su ɗauka kuskure ne, su gyara shi a kwamfuta. Wannan yana damuna ƙwarai.

Turawa kan rubuta c ko ¢. To c a bokonmu "ca" ake karanta shi, ¢ kuwa sai ka sha wahala kafin ka samo ta a waya. Wani ya ce "santi", amma wannan na masu cin tuwo ne. Wani malami ya kawo "ɗigon sauti", ɗs. Kalmar ta yi min daɗi, sai dai rabin mutane ds za su buga, lanƙwasar ta ɓace.

Ni dai na karkata ga kwabon sauti, ks. Kwabo 100 naira ɗaya ne, kowa ya san wannan lissafin tun yana yaro, ba sai an yi masa bayani ba. Na guji "kwabon murya" don km ta kilomita ce. Sai a rubuta: tazarar 3:2 (kamar daga 440 zuwa 660 Hz) ks 702 ce, fiyano na ba da ks 700.

Masu koyar da kiɗa, ya zauna muku a baki? Jam'insa kuma fa, mu bar shi kwabo kamar na kuɗi?