Saura sati biyar gudun fanfalaki, in yi kilomita 32 ko in haƙura?

Sabon_Shiga: Salam jama'a. Ina shirin gudun fanfalaki na farko, saura sati biyar. Mafi tsawo da na taɓa yi kilomita 26 ne, sai zazzaɓi ya kwantar da ni sati biyu ko ƙofar gida ban leƙa ba. Yanzu jadawalin da nake bi ya ce 32 ranar Lahadin nan, ni kuma ba mai sauri ba ne, minti 7 nake cin kilomita ɗaya, kenan kusan awa huɗu a titi. In daure in yi, ko in tsaya a 28?

Ƙafar_Barewa: Wane irin takalmi kake sawa tukunna? Daga nan ake farawa.

Tsohon_Zaki: Ƙanena saurara ka ji. Ni ma haka na yi tsalle, wani mai kiran kansa koci da na haɗu da shi a intanet ya ce ciwo a kai yake ba a ƙafa ba, na ƙara kilomita kusan goma a sati ɗaya. Ƙwaurina ya fara zugi a wuri ɗaya tak, in na danna da yatsa sai na zabura, na gaya masa ya ce tsoka ce in sha maganin ciwo in ci gaba. Da aka yi hoto ashe ƙashin ne ya tsage. Ranar tseren ina kwance da sanda a gefe ina kallon abokaina a waya, kuɗin rajista ya bi ruwa, mutumin nan ko sannu, ƙarshe ma bulokin ɗina ya yi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci wallahi.

Maman_Biyu: Subhanallah, Allah ya ƙara lafiya Yaya. Ai ciwon da ke tsayawa wuri ɗaya a kan ƙashi ba abin wasa ba ne.

Injin_Titi: Allah ya sawwaƙe, amma tsoro ba ya kai mutum layin ƙarshe. Tseren nan kilomita 42.195 ne fa. Wanda bai taɓa 35 a atisaye ba zai sha mamaki, don wajen 30 zuwa 35 ne sukarin da jiki ya ajiye a tsoka da hanta ke ƙarewa, ƙafa ta koma kamar an ɗaura mata bulo. Su Kipchoge, zakaran gudun fanfalakin nan ɗan Kenya, har 40 suke yi a atisaye.

Maman_Biyu: Haba Malam, Kipchoge da ya gama tseren Berlin a awa 2:01:09 a 2022 za ka haɗa da mai minti 7? Lokacin da shi ya gama tseren kaf, ɗan uwanmu bai kai kilomita 18 ba. Jiki awannin da ya yi a tsaye yake ƙirgawa. Akwai jadawalin da dogon gudunsa bai wuce 26 ba kuma mutane na gamawa da shi. Ni dai a ganina yi 28 a hankali wannan satin, in jiki ya amsa ka yi 30 sati mai zuwa, sati ukun ƙarshe kuma na rage gudu ne. Ka gwada jel ɗin ƙarin kuzari, wato sukari mai kauri da ake tsotsa ana gudu, da za ka sha ranar tseren tun yanzu, kar cikinka ya ba ka kunya a hanya.

Injin_Titi: Hajiya ke sau nawa kika gama da har kike ba da fatawa?

Maman_Biyu: Na gama da ƙafafuna lafiya lau, ban kuma taɓa zama a gefen titi ina kuka ba kamar wani da muka ji labari.

Dan_Kwana: Hhhh an zo wajen. Ni dogon guduna daga gado zuwa firji ne, kuma ban taɓa jin rauni ba.

Sabon_Shiga: Na gode, amma zazzaɓin fa? Ba wanda ya ce komai a kai.

Ƙafar_Barewa: Shi ya sa na ce takalmi. In ya wuce kilomita 500 ya mutu, jefar da shi.

Tsohon_Zaki: Ƙarya ne, nawa ya haura 800 garau yake. Kocin nan ma haka ya riƙa cewa in sayi sabo, ashe yana da kamasho.

Injin_Titi: Ni agogo ne ma ya fi ƙona min rai. Ranar tsere ya nuna min na cika 42.2 alhali layin ƙarshe na can gaba ban ko hango shi ba, na riga na zuba duk ƙarfina. Anya ba ƙara mana hanya suke yi ba?

Maman_Biyu: Ba wanda ya ƙara maka komai, ta layi mafi gajarta ake auna hanyar, kai kuma kana ta zagaye mutane kana buɗe kwana, ga GPS na rikicewa tsakanin dogayen gine-gine.

Dan_Kwana: Nawa agogon ina zaune a mota ya taya ni murna wai na kafa sabon tarihi.

Injin_Titi: To wa ke da wanda ba ya ƙarya? Ku faɗi sunansa don na gaji da wannan.