Pit stop: ni dai "ratse" na zaɓa

1/ 'Yan uwa masu kallon tseren motoci na Formula 1, mun daɗe muna kai-komo kan abin da za mu kira "pit stop" da Hausa, wato 'yar tsayawar da mota ke yi a gefe ana tsakiyar tsere don a canza mata taya. Ga tawa matsayar.

2/ "Tsayawar rami" dai a ajiye ta gefe. Gaskiya ne sunan ya samo asali daga ramukan bakin hanya da makanikai ke zama da kayan aikinsu a tseren farko-farko. Amma Bahaushe in ya ji mota da rami, hatsari zai kawo a ransa.

3/ "Shiga gareji" ma ba ta yi ba, don motar da aka tura gareji galibi ta fita daga tsere ke nan. "Shan mai" kuwa zamaninta ya wuce, tun 2010 aka hana zuba mai ana tsakiyar tsere. Wanda ya ga wuta ta lulluɓe motar Jos Verstappen a filin tseren Hockenheim na Jamus a 1994, ko Felipe Massa da ya fizgi mota da tiyon mai a jikinta a Singafo a 2008, ya san zamanin da nake nufi.

4/ "Ya da zango" ce ta fi ja min rai, kalmar fatake ce mai daɗin faɗi. Sai dai a zango sauke kaya ake yi, a huta, har a kwana. A nan kuwa mutum wajen 20 ke rufar wa mota, su cire taya huɗu su ɗaura huɗu. Ƙungiyar McLaren ta yi wa direbanta Lando Norris wannan aiki cikin daƙiƙa 1.80 a Ƙatar a 2023, ta karya tarihin 1.82 da ƙungiyar Red Bull ta kafa a Brazil a 2019. Ina hutu a nan?

5/ Ratse fa? Matafiyi ya bar hanya na ɗan lokaci don wata buƙata, da niyyar komawa, yana kuma sane abokan tafiya na yin gaba. Abin ke nan daidai. Ku gwada ta a baki: Schumacher ya yi ratse huɗu a filin tseren Magny-Cours na Faransa a 2004, duk da haka ya doke Alonso. Ratsen Bottas ya ɓaci a Monako a 2021, noti ya ƙi kwancewa, dole ya haƙura da tseren. Kalmar tana kuma haihuwa: layin ratse, 'yan ratse.

6/ Mutanen Maraɗi da Damagaram, ku ma haka kuke amfani da ratse a wajenku?