Shawarwari ga mai son sayen kwamfutar Mac a Kano

A zaman da masu gyaran kwamfuta na titin Beirut suka yi da masu tace finafinai, yawancinsu sun yarda cewa tun 2007, shekarar da kamfanin Apple ya cire kalmar kwamfuta daga sunansa ya fito da iPhone, hankalinsa ya karkata ga waya, har babbar kwamfutarsa ta kan tebur, Mac Pro ta 2013, ta shekara shida ba a sake mata fasali ba. Shawarar da ta fi gamsar da ni ita ce mai sayen Mac ta hannu ya nemi mai M1 (ƙwaƙwalwar kwamfuta da Apple ya tsara da kansa) ta 2020 zuwa sama, ya zaɓi mai RAM (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) babba tun farko, domin a manne yake, ba a ƙara shi. Wani dattijo ya ce a zare caja a gwada batir a shagon kafin a biya.